Kashi 8 Cikin 100: Su Wa Ake Ƙirgawa Idan 'Yan Gem Sun Fusata?

A ranar 30 ga Satumba, 2021, kamfanin Konami na Japan ya saki eFootball 2022, wasan ƙwallon ƙafa da ya ce shi ne magajin PES. Kafin a kwana biyu masu sharhi a Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, sun yi masa ca. Waɗanda suka ce sun gamsu ba su wuce kashi 8 zuwa 9 cikin 100 ba, kuma a lokacin babu wasan da ya kai shi faɗuwa a duk kasuwar. Metacritic, mai tara makin ƙwararrun masu sharhi, ya tsayar da shi a 25 cikin 100, mafi ƙanƙanta a shekarar. Washegarin fitowarsa Konami ya ba da haƙuri.

Duk wanda ya taɓa ɓoye kuɗin tara don ya biya ta gidan gem bayan an tashi makaranta, a Birnin Kebbi ne ko a Argungu, ya san PES ba baƙo ba ne. Sunan ya fito a 2001, tushensa kuma Winning Eleven ne da aka soma a Japan a 1995. Shekara ashirin ana fitar da sabo duk kaka, sai aka wayi gari an binne sunan an kawo wani abu daban. Wannan shi ne ƙarshen da ya fi taɓa mu. Masu buga wasannin labari, irin waɗanda ake bi daki-daki kamar fim mai dogon zango, su ma suna da nasu ciwon, kuma nasu alƙaluman sun fi yawa a rubuce.

Yadda ake samun 8

Lissafin Steam ba shi da wuya. Zaɓi biyu ne: ka ce wasan ya yi, ko ka ce bai yi ba. Sai a raba yawan masu yabo da jimillar waɗanda suka rubuta sharhi. Kashi 8 na nufin a cikin mutum 100 da suka zauna suka rubuta, 92 sun ce bai yi ba. Ba ingancin wasan ake aunawa ba, ba kuma ra'ayin duk wanda ya buga ba. Wanda ya ɗan ji haushi da wanda ya ji kamar ya rotsa talabijin, ƙuri'arsu ɗaya ce.

Sannan kyauta aka saki eFootball, abin da ya ƙara zurfafa ramin. Wasan da ake sayarwa dala 60, wanda ya cire kuɗinsa ne ke zuwa ya yi magana. Na kyauta kuwa kowa na iya saukewa, ya buga 'yan mintuna, ya rubuta abin da ya ga dama. Da hotunan fuskokin Messi da Ronaldo a karkace suka karaɗe duniya, mutane da yawa sun shiga ne don ganin ƙwaf, suka fito suka ƙara nasu a kan tulin.

Amma kada wani ya ce sharri aka yi wa Konami. Ƙwararrun da suka ba shi 25 ba su da hannu a ƙuri'ar Steam, kuma idan ma'auni biyu da ba su haɗa hanya ba suka nuna abu ɗaya, to akwai magana. Maganar ita ce, ranar fitowarsa ƙungiyoyi tara kacal ake iya ɗauka a buga da aboki a gefe: Barcelona, Bayern Munich, Juventus, Manchester United, Arsenal, Corinthians, Flamengo, River Plate da São Paulo. Babu Chelsea, babu Real Madrid, babu Liverpool. Babu Master League, inda mutum ke rainon ƙungiya kaka bayan kaka. Babu wurin gyara sunaye da riguna, wanda da shi ne masu PES suka saba toshe giɓin lasisi. Cikakken wasan bai iso ba sai 14 ga Afrilu, 2022, wato kwana 196 bayan fitowar farko. A tsakani Konami ya soke wani kunshin 'yan wasa da ya riga ya fara sayarwa dala 39.99, ya mayar wa mutane kuɗinsu. A wurina wannan lambar ta fi kashi 8 nauyi, domin kamfani ba ya mayar da kuɗin da ya shiga aljihunsa saboda surutu kawai.

Launi uku, ɗanɗano ɗaya

Idan ana zancen ƙarshen da ya ɓata wa magoya baya rai, sunan da ke fara zuwa baki shi ne Mass Effect 3. Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a Kanada ne ya yi shi, kamfanin EA ya fitar. Na farko ya fito a 2007, na biyu a 2010, na ukun a 6 ga Maris, 2012. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne shawarar da ka yanke a kashi na farko tana bin ka har na uku: wanda ka ceta yana nan, wanda ka bari ya mutu ba zai dawo ba. Mai bin kowane lungu zai iya zuba sa'o'i kusan 100 a kan ukun. Da aka zo mintunan ƙarshe sai mutane suka tarar da ƙofofi uku, kuma abin da suka gani a bayan kowace kusan iri ɗaya ne, launin fashewar ne ya bambanta: ja, kore ko shuɗi.

Ga alƙaluman da suka biyo baya. Ƙwararru sun ba wasan 93 cikin 100 a na'urar Xbox 360. EA ya ce ya aika kwafi miliyan 3.5 kasuwa a makon farko. Masu fushi suka kafa gangami mai suna Retake Mass Effect, suka tara kusan dala 80,000 suka ba gidauniyar Child's Play mai taimakon yara marasa lafiya, don dai a san da zamansu. Wasu suka aika ƙananan kek 402 ofishin BioWare, masu launi uku amma ɗanɗanonsu ɗaya. Kamfanin ya miƙa su ga wani gidan kula da matasa. A 26 ga Yuni, kwana 112 bayan fitowar wasan, aka saki Extended Cut kyauta, ƙarin da ya faɗaɗa ƙarshen ya cike wasu giɓoɓin labarin.

To, a dubi lambobin da kyau. Miliyan 3.5 ɗin nan kwafin da aka aika wa dillalai ne, ba wanda ya shiga hannun masu saye ba. Kamfanoni na son irin wannan lamba domin ta fi girma kuma ta fi saurin samuwa. Idan aka yi musu kuɗi a dala 60 kowane, an doshi dala miliyan 210 a farashin kanti. Dala 80,000 a gefen wannan ba ta kai kashi 0.04 cikin 100 ba, kuɗin kwafi 1,333 ne kawai. A canjin 2012, lokacin dala na wajen naira 160, naira miliyan 12.8 ke nan. Kuɗi ne mai auki ga gidauniya, ga EA kuwa ko a jikinsa.

Akwai lambar da ba a cika ambato ba. A cikin shekarar wani jami'in BioWare ya bayyana cewa kusan kashi 42 cikin 100 na masu buga Mass Effect 3 ne suka kai ƙarshensa. Fiye da rabi ke nan ba su ma isa wurin da ake rigimar ba. Wannan ba ya rage wa masu fushi gaskiya, sai ma ya nuna ko su wane ne. Su ne suka fi kowa naci, suka bi wasan shekara biyar, su ne kuma masu sayen kowane ƙari da aka fitar. BioWare bai sake zama a kan ƙarshen don yawansu ba. Ya zauna ne don su ne kwastomomin da ba a so a rasa.

A watan Afrilun 2012 masu karanta shafin Consumerist a Amurka suka zaɓi EA a matsayin kamfani mafi muni a ƙasar, ya doke Bank of America a zagayen ƙarshe, bankin da a lokacin ake ta ƙorafi a kansa kan ƙwace gidajen mutanen da bashi ya ci. Hankali ba zai ɗauka cewa ƙarshen wasa ya fi rasa muhalli zafi ba. Abin da ƙuri'ar ta auna shi ne wa ke zaune gaban kwamfuta da lokacin latsawa. Ita kuwa hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya, da aka kai mata ƙara cewa an yaudari masu saye, ta ce tallan bai kai yaudara ba.

93 da 3.4 a kan wasa ɗaya

Shekara takwas bayan haka aka sake kwatawa, da ƙarfi ma. The Last of Us Part II na kamfanin Naughty Dog ya fito a 19 ga Yuni, 2020. Ƙwararru suka ba shi 93 cikin 100. Makin jama'a a Metacritic kuwa ya faɗo wajen 3.4 cikin 10 a kwanakin farko. Wasan yana cin sa'o'i kusan 25 kafin a gama, amma dubban sharhi sun shigo kafin a cika yini da fitowarsa, domin wasu sassan labarin sun riga sun ɓulla tun watanni biyu da suka wuce, kuma Metacritic ba ya tambayar shaidar cewa ka sayi wasan.

Ita wannan 3.4 tana da saurin ruɗar mutum. Matsakaici ne, kuma matsakaici yana ɓoye rabuwar kai. A ɗauki misali: mutum 100 sun ba da maki, 66 sun ba da sifili, 34 sun ba da goma. Jimilla 340, a raba da 100, an sami 3.4. A cikinsu babu ko mutum ɗaya da ya ga wasan a matsayin na 3 ko 4. Runduna biyu ce ke ja-in-ja, lambar kuma ta faɗa a filin da babu kowa. Da ƙura ta lafa makin ya hau zuwa wajen 5.8, wanda shi ma ba ra'ayin kowa ba ne, alama ce dai cewa rundunar yabo ta ƙaru. Wasan ya sayar da fiye da kwafi miliyan 4 a kwana uku, ya kai miliyan 10 zuwa 2022, ya kuma lashe kyautar gwarzon wasan shekara a The Game Awards. Metacritic da kansa ya sauya doka a watan Yulin 2020: sai an yi sa'o'i 36 da fitowar wasa kafin jama'a su fara ba da maki.

Mutumin Argungu ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ranar su a Matan Fada dubban masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora, amma kifin da ake ɗagowa zuwa sikeli gaban manyan baƙi 'yan kaɗan ne, kuma duk manya ne. A 2020 wanda ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Babu mai hankalin da zai ce kifin kogin nan kowanne haka yake, don ya san wanda ya kamo ƙarami ba ya ma tunkarar sikelin. Shafukan maki haka suke. Mai tsananin fushi da mai tsananin so ne ke kai nasu a auna, sauran kuma kowa ya saɓa gorarsa ya nufi gida.

Sunan da ya mutu, kasuwar da ba ta mutu ba

Wasan FIFA na EA ma ya ƙare, sai dai nasa ƙarshen rigimar kuɗi ce. Jerin ya fara a Disamban 1993, kuma zuwa 2021 ya sayar da fiye da kwafi miliyan 325. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa EA na biyan hukumar FIFA kusan dala miliyan 150 a shekara don sunan kawai, hukumar kuma ta nemi fiye da ninki biyu, sama da dala biliyan 1 duk shekara huɗu. A 10 ga Mayu, 2022 aka sanar da rabuwa. FIFA 23 ya zama na ƙarshe, EA Sports FC 24 ya gaje shi a 29 ga Satumba, 2023.

Lambobi biyu suka fito a makon farko, kowace na ja nata gefen. EA ya ce mutum miliyan 11.3 sun buga FC 24, sama da miliyan 10.3 na FIFA 23, ƙarin kusan kashi 10. Masu bibiyar kasuwar Birtaniya kuma suka ce cinikin faifai a kantuna ya ragu da kusan kashi 30. Duka biyun gaskiya ne. Ta farko na ƙirga duk wanda ya buɗe wasan, har da masu ɗanɗanon gwaji ta rajistar EA Play. Ta biyun na ƙirga faifai ne kawai, a ƙasa ɗaya, a zamanin da masu saye ke komawa saukewa ta intanet. Wanda ke son ya ce canjin suna ya kashe wasan zai ɗauki 30, mai son ya ce babu abin da ya faru zai ɗauki 11.3.

Abin da ya sa EA bai ji tsoron rasa sunan ba yana cikin wata lambar: dala biliyan 1.62 da sashen Ultimate Team ya kawo masa a shekarar kuɗi ta 2021, a wasanninsa na ƙwallo da sauran wasannin motsa jiki. Kuɗin yanzu ba a faifai yake ba, yana wurin sayen katunan 'yan wasa a cikin wasan, kuma wannan sai da intanet. Irin wannan kasuwar Konami ya hango ya kashe PES. Ta wannan fuskar lissafinsa bai faɗi ba, tunda daga baya ya sanar cewa an sauke eFootball fiye da sau miliyan 700, galibi a waya. Sai dai saukewa ba mutum ba ce. Wanda ya canza waya sau uku an ƙirga shi sau uku, haka wanda ya goge don wayar ta cika ya sake saukewa. A Oktoban 2024 kuma hukumar FIFA ta ƙulla yarjejeniya da Konami don gasar cin kofin duniya ta gem, a kan wasan nan dai da aka ba kashi 8.

Ƙarshe uku a kwarin Rima

Yanzu a dawo gida. Mai gidan gem a Badariya ko Rafin Atiku, ko a bakin kasuwar Argungu, ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan lambobi. Steam na ƙirga mai kwamfuta da rajista. Metacritic na ƙirga mai rubuta sharhi. EA na ƙirga na'urar da ta haɗu da intanet. Na'ura ɗaya a shago, wadda samari da yawa ke karɓa-karɓa a kanta daga la'asar zuwa dare ba tare da ta taɓa hawa intanet ba, a littafin kamfani faifai ɗaya ce, in ma na asali ne.

Kuma a wurinmu PES ba sau ɗaya ya ƙare ba. Ga shagon da ke da PlayStation 2, ya ƙare tun 2013, domin PES 2014 ne na ƙarshe da aka yi wa na'urar. Ga mai PlayStation 3, ya ƙare a 2017 da PES 2018, FIFA kuma ya bi baya da FIFA 19. Mai PlayStation 4 ne kaɗai ya ga ƙarshen 2021 da idonsa. Babu wanda ya tara sadaka ko ya aika kek. Abin da aka yi shi ne aka ci gaba da buga tsohon, masu gyara suna ɗora masa sababbin 'yan wasa da riguna duk kaka. Shi ya sa za ka ga Osimhen ko Lookman a cikin wasan da aka gina tun suna yara, a na'urar shago ko a waya ta manhajar PPSSPP. Da EA ya janye tsofaffin wasannin FIFA daga kasuwannin intanet a Satumban 2023, mai faifai a hannu bai ma san an yi ba.

Wani zai ce ƙauna ce ta tsohon abu. Akwai wannan, amma lissafin aljihu ya fi bayani. A 2012 sabon wasa dala 60 ne, a canjin naira 160 ya kama naira 9,600, mafi ƙarancin albashi kuma 18,000. Kashi 53 ke nan na albashin wata. A 2021 farashin na nan a dala 60, canjin hukuma na wajen 410, ya kama 24,600 a kan albashin 30,000, kashi 82. A 2025 sabon FC dala 70 ne, dala na wajen naira 1,500, ya kama 105,000. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa a shekarar 70,000 ne, na jihar Kebbi 75,000. Faifai ɗaya ya zama albashin wata ɗaya da kusan rabi. A dala farashin ya ƙaru da kashi 17 kacal cikin shekara goma sha uku, a naira ya ninka kusan sau goma sha ɗaya.

Sai a ce ai eFootball kyauta ne. Kyauta ne ga mai data da wuta. An gina shi ne don mutum ɗaya da na'urarsa yana fafatawa da wani a nesa, shagon gem kuwa an gina shi ne don mutum biyu a benci ɗaya, 'yan kallo a baya suna zuga, wanda aka ci ya tashi. Ƙungiyoyi taran da ya fito da su a 2021 ba za su riƙe irin wannan shago ba a garin da yaro zai shigo ya ce shi in ba Chelsea ba ba ya bugawa. A ɗora kuɗin man janareta a kai, wanda ya tashi daga ƙasa da naira 200 a lita kafin 29 ga Mayu, 2023 zuwa sama da 1,000 a ƙarshen 2024, da ƙarin kashi 50 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Ko gyaran da BioWare ya yi wa Mass Effect 3 a 2012 ya kusa gigabait 2. Ga mai saukewa da modem a Birnin Kebbi a wancan lokaci, kyautar tana da farashinta.

Saboda haka idan matashi a nan ya koma eFootball, yawanci a waya yake komawa, shi kaɗai, ya shiga cikin miliyoyin saukewar da Konami ke alfahari da su. Idan ya fita da yamma ya zauna a benci, tsohon PES mai sababbin riguna yake tararwa. Mutum ɗaya ne, an ƙirga shi a lambar nasarar sabon wasa, ba a ƙirga shi a cikin waɗanda suka ƙi sakin tsohon ba.